Tsohuwar da Ta Miƙe a Cikin Waya

Ranar da aka zubar da ƙwayoyin Inna Laure a masai, babu wanda ya yi faɗa a gidan, babu wanda ya ɗaga murya. Da dariya ma aka fara.

Da hantsi ne, ranar da ba makaranta. Malam Usmanu ya shigo tsakar gida riƙe da sabuwar wayarsa, irin mai faɗin nan da ake shafawa, wadda ya saya bayan ya kwashe shinkafarsa ta fadamar Zauro. Tun da wayar ta shigo gidan nasu na Birnin Kebbi, ba a ƙara cin tuwo ba tare da an ji abin da ta ce ba. Ya tsaya gaban rumfar da mahaifiyarsa take zama, ya ƙwala wa 'yarsa kira.

"Zakiyya! Aje littahin nan ki taho. Karanta muna wanga saƙo da ƙarhi, kowa shi ji."

Zakiyya ta fito tana gyara tabarau. Ita ce mai karatun gidan, amma irin yarinyar nan ce da in aka ce ta yi magana a gaban mutane sai tafin hannunta ya jiƙe da gumi. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta fara.

"Jama'a a yi hattara. Dakta Abdussamadu, babban likita a ƙasar Masar, ya tona asiri. Ƙwayar hawan jini ba magani ba ce, ita take cinye ƙoda. Duk wanda ya fara ta ba ya bari sai kabari. A daina sha. A jika... a jika..."

Ta tsaya. Rubutun waya ba shi da lanƙwasa, sai da ta sake dubawa ta gane.

"A jiƙa jar kanwa da tafarnuwa, a sha kofi guda da safe kafin a karya."

Inna Laure ta ƙyalƙyale da dariya daga kan tabarmarta. "Au, jika za a sha? To ku kama ta, ga ta nan tsaye. Sai dai wagga jika ko an jiƙa ta ba romo, ƙashi na zalla da gilashi."

Kowa ya yi dariya, har Adama, mahaifiyar Zakiyya, da ke bakin murhu. Zakiyya ta ƙarasa karatun a cikin dariyar. In kai ya yi ciwo kada a ji tsoro, in ji saƙon, ciwon ne yake fita. A tura wa 'yan'uwa, kada a ɓoye alheri.

Malam Usmanu bai yi dariya ba. Ya shiga ɗakin tsohuwar, ya fito da 'yar jakar ledar da ake ajiye maganinta, ya nufi bayan gida. Da ya dawo idanunsa sun yi ja.

"Shekara da shekaru ina saye wa uwata guba da hannuna," ya ce. "Allah shi isam muna."

Inna Laure ta bi hannunsa da kallo, hannun da ba komai a cikinsa yanzu, sannan ta mayar da fuska ga bango.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko ɗan maƙwabta mai suna Usmanu, "mai sunan wancan" take ce masa. In tana da magana sai ta dubi bango ta ce, "A ce da mai gidan ga," sai Zakiyya ta ɗauki maganar ta miƙa masa, alhali yana tsaye a gefen tabarmar. A unguwar ana yaba mata wannan kunya. Ana kawo amare su gani su koya.

Wannan karon ba ta ce a ce da shi komai ba.

Da farko babu abin da ya faru, kuma wannan shi ya ɓata komai. Kowace safiya shi da kansa yake jiƙa kanwar, ya daka tafarnuwa, ya durƙusa ya ajiye kofin a gabanta. Takan jira ya juya baya ta shanye tana yamutsa fuska. Wata safiya ya fito zai tafi gona ya tarar da ita zaune a rana da faifai, tana bakacen shinkafa, ƙaiƙayi na tashi. Ya tsaya yana kallonta kamar ya ga watan sallah.

"Allahu akbar! Zakiyya, kawo hannunki mai sauri. Saƙon nan za mu tura ma Goggonki Argungu, amma ƙara mai wagga magana daga ƙasa. Rubuta: ni da kaina na gwada ga tsohuwata nan Birnin Kebbi, ga ta nan ta miƙe, tana bakacen shinkafar Zauro da hannunta."

"Baba, ai da ma tana bakace."

"Rubuta, mota na jirana!"

Ta rubuta. Saboda gaggawa yatsanta ya maimaita kalma, ya zama "da da hannunta". Ta so ta goge, ya fizge wayar ya tura.

Ciwon kai ne ya fara zuwa, ta ƙeya. Inna ta ɗaure kanta da tsohon kallabi ta tamke, ta ce rana ce. Daga nan kunnenta ya soma ƙugi, ta riƙa tambaya ko injin niƙa aka tayar a maƙwabta, alhali unguwar shiru. Ƙafafunta suka haye har silifas ya daina shiga. Zakiyya ce take kwana a ɗakinta, ita take ganin yadda take dafa bango kafin ta kai ga buta.

"Ai haka likitan yac ce," in ji Malam Usmanu. "Ciwon na hita. A ƙara haƙuri."

A makaranta malamar kwamfuta ta taɓa ce wa su Zakiyya, duk labarin da ya shigo waya ba uba, a tambaye shi gidansu. Wa ya faɗa, a ina, kuma akwai wani da ya faɗi haka wanda ba kwafa ya yi ba? Zakiyya ta rubuta wannan a jarrabawa ta ci. Ba ta taɓa zaton za ta buƙace shi a tsakar gidansu ba.

Da yamma babanta ya ba ta wayar ta sa caji. Ta tsuguna a bayan ƙofa, ta rubuta sunan likitan a wurin bincike. Babu asibitin da ya san shi. Babu hotonsa a wurin aiki, babu sunan mahaifinsa, babu ranar da ya yi maganar. Saƙon nan ne kawai, an lilliƙa shi wuri-wuri. A wani wurin likitan ɗan Masar ne, a wani wurin ɗan Indiya. A wani wurin ma ba hawan jini yake warkarwa ba, ciwon suga ne, da kanwar da tafarnuwar duka. Da ta nemi abin da asibitoci suka ce, duk inda ta buɗe magana ɗaya ce: mai hawan jini kada ya bar magani sai likita ya ce, kuma ya rage gishiri da danginsa.

Ta yi ta juya maganar a baki har ya gama cin tuwo. Sannan ta durƙusa nesa da shi.

"Baba, na duba likitan nan. Ba a san shi ko'ina ba."

"Wa ab bai san shi ba?"

"Intanet."

"To ni daga ina nis samo shi? Ba intanet ɗin ba?" Ya yi murmushi, yana suɗe hannu. "Guruf ɗinmu na waya akwai alhazai, akwai malaman makaranta, akwai wanda yay yi aiki asibiti shekara da shekaru, mai gadi na amma ya ga abubuwa. Duk ba su gane ba sai ke?"

"An rubuta cewa barin maganin na iya sa..."

"Wa yar rubuta? Masu sayar da ƙwayar. Kina son mai tuwo shi ce tuwonai ya lalace? Ke dai karatun ga naki ya hwara yi miki yawa. Ni zan kashe uwata? Ni?"

Bai daka mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ta sami abin yi wa kuka.

Ta koma wurin mahaifiyarta a madafa. Adama ta saurara har ƙarshe tana kankare tukunya, ba ta ɗago ba.

"Na gani, Zakiyya. Ido gare ni."

"To ki yi mai magana, Mama."

"Uwarshi ta, ba tawa ba. In nic ce a koma asibiti wani abu yaf faru, a ce suruka ta kai ta. In nic ce a bar kanwa, a ce ba ni son ta warke. Ni dai na rage gishirin miya, iyakar abin da ni ka iyawa ke nan."

Washegari daga makaranta ta biya kemis ɗin Kalilu da ke bakin titi. Ta daɗe a tsaye tana barin mutane suna wuce ta kafin ta iya buɗe baki. Ya tambaye ta sunan maganin. Ba ta sani ba, kwalin ya tafi masai tare da ƙwayoyin.

"Ƙanana na, farare," ta ce.

Kalilu ya nuna mata kanta daga sama har ƙasa. "Ɗiyata, rabin shagon ga ƙanana na farare. Ba ni ba ki abin da ban sani ba ki kai ma tsohuwa. Ku kawo ta a auna ta, ko ku kai ta asibiti. Yau, ba gobe ba."

Ku kawo ta. Zakiyya ta tafi gida tana maimaita kalmar. Tsohuwar da ba ta taka zaure sai da sanin mai gida, wa zai fito da ita?

Ta tarar da Inna a zaune, jini na ɗiga daga hancinta a kan zane. Haɓo ne, ya ƙi tsayawa sai da aka jiƙa tsumma aka ɗora mata a goshi. Da Malam Usmanu ya dawo ya ga tsumman, ya gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. Mugun jinin na ya samu hanya."

Bayan ya fita Zakiyya ta rufe ƙofar ɗaki ta zauna a gaban kakarta, ta kama hannunta.

"Inna, don Allah. Ke kin san ƙwayar nan ta hi miki."

"Na sani mana, malama mai gilashi. Jikina na."

"To ki gaya mai."

"Ni?" Tsohuwar ta zare hannunta. "In buɗe baki in yi gardama da shi? Abin da yak kawo da hannunai, yad durƙusa yab ba ni, in ce ba ni so? Uwata ba ta yi ma yayana haka ba. Sai yanzu da hurhura zan koyi rashin kunya?"

"Ba rashin kunya ba ne, Inna. Rai ne."

"Rai na hannun mai shi." Ta murza ƙeya. Can ta ce a hankali, "In ya shigo da sahe, zan ce a rage kanwar. Wannan dai na iya."

Da safe ya shigo da kofin. Inna ta dubi bango.

"A ce da mai gidan ga, kanwar ta ɗan yi kauri."

Zakiyya ta miƙe. Tun tana ƙarama take ɗaukar maganar tsohuwar nan ta kai, ba ta taɓa ƙara ko wasali ba. Ta dubi ƙafafun babanta ta ce,

"Baba, Inna ta ce a mayar mata da ƙwayoyinta. Ta ce kanwar na kashe ta. Ta ce a kai ta asibiti."

Ai yana tsaye a wurin, ya ji abin da aka ce da kunnensa. Amma bai dubi Zakiyya ba, uwarsa ya duba, kuma a muryarsa akwai wani abu kamar tsoro.

"A tambayi Inna, haka take nuhi?"

Kalma ɗaya ake nema. Ko gyaɗa kai ma ya isa. Ta ga leɓen tsohuwar ya motsa, ta ga yatsunta sun damƙe gefen tabarma. Sai Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"A ce da shi ban ce ba. Yarinta ta. Allah shi yi mai albarka."

Ta ɗauki kofin ta shanye a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Daga ranar aka hana Zakiyya taɓa wayar.

Inna ta daina bakace. Faifan ya suɓuce mata sau da yawa, ta ce ya tsufa ne, bakinsa ya saki. Ta koma salla a zaune. Wani lokaci takan dubi Zakiyya ta ce, "Ke da wa kunka shigo?" alhali ita kaɗai ce. Barkwancin ma ya ragu. Duk wanda ya zo gaisuwa, Malam Usmanu yakan tare shi tun daga zaure ya ba shi labarin likitan Masar, kafin mutum ya ƙaraso ciki ya riga ya san abin da ya kamata ya gani. Sai ya duba ya ce, "Kai, jiki ya yi kyau," ya tafi.

Ana cikin haka aka aiko daga Argungu, 'yar Goggo Ummu Hani ta haihu. Goggo ƙanwar Malam Usmanu ce, ita aka fara tura wa saƙon. Adama ta yi ƙarfin hali ta ce ko a bar Inna a gida, hanya da zafi. Ya ce ina, ai dangi su gan ta su ga ikon Allah.

A mota Inna ta jingina kai da kafaɗar Zakiyya, idonta a rufe tun daga tasha har suka shiga Argungu. Gidan suna ya cika maƙil, ga tukwane a kan wuta, ga kifi ana suya, mata na ta guɗa. Aka shimfiɗa wa tsohuwar tabarma a inuwar ɗaki. Duk wadda ta zo sai ta ce, "Inna, an ce kin bar maganin Turawa?" Ita kuma ta ce, "Haka anka ce."

Bayan azahar Malam Usmanu ya leƙo daga zaure, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Wayar mijin Goggo ce a hannunsa.

"Ina mai gardamar nan? Zakiyya! Taho ki ga. Ke da kic ce ba wanda yas san shi. Wanga daga wani guruf na daban yaz zo, mutanen Augie sunka turo ma kawunki. Karanta, da ƙarhi!"

Zakiyya ta karɓa. Saƙon ne, amma ya yi ƙiba a hanya. Dakta ya zama Farfesa. An ƙara cewa an gwada a asibitoci da yawa. An sa hoton wani mutum mai farar riga da abin awo a wuya. A ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe, SHAIDA DAGA NAN GIDA. Ta karanta, muryarta na raguwa:

"Wani bawan Allah ya gwada ga tsohuwarsa a Birnin Kebbi, ga ta nan ta miƙe, tana bakacen shinkafar Zauro da da hannunta."

Da da.

Ta sake duban layin.

"Kun ji ko?" in ji babanta, yana duban matan. "Cikin garinmu! Wani ma ya gwada. Shaida biyu ke nan, tawa da tashi."

"Baba," ta ce, "namu ne."

"Mi?"

"Saƙonmu ne ya dawo. Ni na rubuta. Ga inda na yi kuskure, da da. Tsohuwar da ake faɗi, Inna ce."

Wata daga cikin matan ta yi dariya, ta rufe baki. Goggo Ummu Hani ta ce, "Ke Zakiyya, gidan mutane?" Malam Usmanu ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. Zakiyya ta ga ya gani. Ta rantse har yau ta ga ya gani, don sai da maƙogwaronsa ya motsa. Amma zaure cike yake da maza suna jiran ya koma, tsakar gida cike da mata suna kallonsa.

"Tsohuwa guda ta ka bakace Birnin Kebbi?" ya ce. "Ke kaɗai ka kuskure duniya? Tahi ki ba mutane wuri."

Ya juya ya koma zaure.

Ba a jima ba aka kawo jaririyar a sa wa Inna a cinya ta yi mata addu'a. Ta miƙa hannu biyu. Na dama bai tashi ba. Ta dube shi kamar hannun wani ne aka ajiye mata. Ta buɗe baki za ta yi magana, bakin ya karkace gefe guda, ta sulale a jikin bango. Goggo ce ta cafe jaririyar. Guɗa ta koma salati.

A asibitin Birnin Kebbi, inda aka garzayo da ita, likitar da ta karɓe su ta auna ta, ta sake aunawa, sannan ta tambayi wane magani take sha. Malam Usmanu ya dubi silin. Adama ta dubi ƙasa. Zakiyya ce ta faɗa, da ƙyar, da kanwar da tafarnuwar da masai. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana kuma sai abin da Allah ya yi.

A baranda Malam Usmanu ya ce da dangi, "Ƙaddara ta. Ko tana shan ƙwayar, in kwana ya zo ya zo." Suka ce haka ne. Wani ya ce wataƙila iska ce ta buge ta a hanyar Argungu, wurin gulbi. Wata ta ce baki ne, an cika yabon jikinta. Kowa ya kawo tasa, aka yi wa maganar rumfa, ya shiga ya zauna.

Da ta farfaɗo, duk kalmomin Inna Laure sun tafi. Barkwancin, da addu'o'in, da "malama mai gilashi", babu ko ɗaya. Kalma ɗaya tak ta rage mata. In tana son ruwa ita take faɗa, in juyi take so ita take faɗa. Ranar da ɗan nata ya shigo ɗakin ya tsaya a ƙarshen gado, ta dube shi tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da karkataccen bakinta,

"Usmanu."

Ya dafa ƙarfen gadon.

"Usmanu. Usmanu."

Ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya. Zakiyya ta bi shi da takalmin, ta same shi a bayan ɗakin, ya haɗa goshi da bango, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya har ya lafa.

"Baba, a rubuta musu. A ce tsohuwar ba ta miƙe ba."

Bai juyo ba. Ya zaro wayar daga aljihu ya miƙo mata ta baya.

"Kar ki sa sunana," ya ce.

Ta rubuta a tsaye, a hankali, ta duba kowace kalma. Ta ce saƙon kanwa ba gaskiya ba ne, ba a san likitan ba, tsohuwar Birnin Kebbi tana kwance a asibiti ɓarin jikinta ya shanye, don Allah kada kowa ya bar maganinsa, don Allah a tura. Ta aika wa guruf ɗin alhazai, ta aika wa Goggo, ta aika wa duk wanda ta gani.

Amsa ta zo. "Allah ya ba ta lafiya." "Amin." "Amin ya Rabbi." Wani ya ce, wa ya rubuta wannan, ba suna ba komai, a riƙa tantance labari kafin a turo. Wani ya sa hoton buhunan taki yana cigiyar mai saye. Babu wanda ya ce ya tura gaba. Saƙon da ya ce an warke yana da ƙafafu, ya je Augie ya dawo da hula da farar riga. Wanda ya ce an kwanta, a inda aka ajiye shi ya kwana.

Zakiyya ce ta zauna jinya. A gadon da ke kusa akwai wani tsari irin nasu: wata dattijuwa mai hawan jini, da 'yarta Aminatu, mace mai fara'a da ba ta rabuwa da waya. Sun saba, suna ba juna ruwan zafi da aron tabarma. Wata la'asar Aminatu ta matso da kujerarta, ta rage murya don kada nas ta ji.

"Ƙanwata, in gaya miki wani abu don Allah? Wagga ƙwaya da su ka ba su, ita ka cinye ƙoda. Dubi nan. Ni da an sallame mu, kanwa zan riƙa ba tawa tsohuwar. Ku ma ku gwada ma kakarku. Akwai wata tsohuwa nan Birnin Kebbi, ta hi taku tsuhwa, yanzu haka tana bakacenta."

Zakiyya ta dubi wayar. Farfesan ya koma ɗan Saudiyya. Amma can ƙasa yana nan, ba wanda ya gyara: da da hannunta.

Tafin hannunta ya jiƙe. Ta goge a hijabi, ta tashi, ta ɗaga hannun Inna na dama daga kan zanen gado. Ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Yaya, ga hannun nan," ta ce. "Ga tsohuwar. Ni na rubuta wannan layin, babana na tsaye a kaina. Wallahi ita ce."

Aminatu ta dubi hannun. Ta dubi wayar. Ta sake duban hannun, sannan ta yi 'yar dariyar tausayi, ta dafa kafaɗar Zakiyya.

"Haba ƙanwata, gajiya ta. Waccan an ce ta miƙe."

Ta ja kujerarta ta koma wurin uwarta, tana shafa waya, tana tura wa wani.

Zakiyya ta mayar da hannun inda yake, ta gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. A wayoyin mutane, daga unguwar Gesse har ƙauyukan bakin gulbi, kakarta na zaune a rana da faifai, lafiya lau, ƙaiƙayi na tashi, kuma ba za ta taɓa gajiya ba. A nan kuwa ƙuda ya sauka a leɓenta ba ta iya kore shi. Zakiyya ta kore mata.

Tsohuwar ta juyo da ido, ta motsa baki. Ruwa take so.

"Usmanu," ta ce.